Yadda Ake Warware Dunƙulen Gashin Kare Da Mataji Da Kilifa

Karnuka masu nannaɗaɗɗen gashi irin su Poodle ba sa zubar da gashi sosai. Wanda ya tsinke yakan maƙale ya dunƙule, musamman a bayan kunne da hammata. Dunƙulen yana jan fata, yana ɓoye ƙwari da miki.

Kada ka fara da wanka, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Riƙe gindin dunƙulen da yatsu, ka tsefe daga baki da buroshin waya, sannan ka bi da matajin ƙarfe.

Idan ya ƙi, kada ka sa almakashi, yana yanka fata. Ɗauki kilifa mai baki lamba 10, ka aske ta ƙarƙashinsa. Riƙa taɓa bakin kilifar da hannu, domin yakan yi zafi har ya ƙona karen.