Tandun Kurmi da Tulun Turaren Helenawa

'Yan'uwa, duk wanda ya shiga kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, ya bi ta wajen masu kayan fata, zai ga tandu. Mun saba ganinsa a ɗakin kakanninmu, na kwalli dabam, na man shafawa dabam, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa da yumɓu ake fara shi.

Mai sana'ar yakan gina siffar da yake so da yumɓu, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya jiƙa ɗanyar fata, ya kankare gashinta, ya yi ta liƙa ta a jikin siffar har ta rufu. In fatar ta sha rana ta yi tauri, sai ya farfasa yumɓun, ya zazzage shi ta baki. Abin da ya rage shi ne tandu: ba nauyi, ba ɗinki, ko ya faɗi ba ya fashewa. Daga nan sai ado.

Helenawa, wato mutanen Girka na dā, su ma sun nemi mazubi mai ƙanƙanen baki domin mai tsada, sai dai su yumɓun suke gasawa ya zama tulu. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, birnin Korinti, wanda Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙu daga baya, ya shahara da 'yan tulunan turare masu zanen zakuna da tsuntsaye, ana kai su ko'ina a gaɓar Bahar Rum. A Atina kuwa akwai doguwar tulu mai farin jiki ta jana'iza. A cikin waɗansu magina sun ɓoye ɗan ƙaramin mazubi, domin mai kaɗan ya cika ta. Ashe tsimi ba yau aka fara ba!

Waɗansu maginan da masu zanen sun rubuta sunansu, kamar Niyarkos, wajen shekara 570. Waɗanda ba su rubuta ba, wani malamin Jami'ar Oxford, John Beazley, ya bambance hannunsu ta yadda kowa yake zana kunne ko idon sawu.

Tandunmu ba ya ɗauke da sunan kowa, ga shi kuma roba tana korarsa daga ɗakuna. Mai tsohon tandu a gida, ya tambayi Iya tun tana nan: a ina aka saya, wa ya yi shi?