Aikin Muhalli da Tsaron Bututun Mai: Ta Ina Za Ka Fara a Kaduna?

Ƙanena, idan kana zaune a Kawo, Mando, Unguwar Dosa ko Tudun Wada kana ganin aikin mai da gas sai mutum ya tattara komatsansa ya tafi Fatakwal, to ka duba kusa da gida tukuna. Tun 1980 matatar mai take tsallaken kogi a kan hanyar Kachia, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana. Ta bututu aka tsara turo mata ɗanyen mai daga Escravos, daga nan kuma wasu bututan suka nufi defo-defon Kano, Gusau da Jos. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta, ta Abuja da Kaduna zuwa Kano.

Bututu ba ya kula da kansa. Ko matata tana aiki ko ta tsaya, ƙarfen nan yana kwance ƙarƙashin gonakin mutane, tsatsa na cinsa, ruwan damina na kwashe ƙasar da ta rufe shi, gine-gine na matsowa. Dole a samu mai duba shi, da mai auna ruwa da ƙasar da ke kewaye da shi, da wanda zai ce "a dakata" a kuma dakata ɗin. Wannan aikin nake so ka nema. Ga hanya.

1. Zaɓi layinka

Layuka uku ne. Na farko muhalli: ɗibar samfurin ruwa da ƙasa, auna iska, rubuta rahoton tasirin aiki kafin katafila ta shiga daji, da gyara wurin da mai ya malala. Na biyu kiyaye haɗurra, aikin mai sefti ke nan: shi ke duba rami kafin a shiga, shi ke tabbatar da takardar izini kafin a kunna injin walda. Na uku lafiyar bututun kansa: gwada walda, tura na'ura ta cikinsa ta auno kaurin ƙarfe, da sakar masa 'yar wutar lantarkin da ke hana tsatsa kama shi.

Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai, halittu ko labarin ƙasa, na farko ya fi dacewa da shi. Na biyu kowa na iya shiga. Idan kuwa injiniya ne kai, ni na uku zan zaɓar maka. Masu takardar sefti sun yi yawa, amma wanda ya iya karanta sakamakon gwajin walda nemansa ake.

Gobe da safe ka buɗe takardar CV ɗinka, ka rubuta layi ɗaya tak a samanta. "Ko wane aiki aka samu" ba layi ba ne.

2. Mori abin da ke kusa

Kwalejin Kimiyya da Fasaha tana Tudun Wada, jami'ar jiha ta KASU tana kan titin Tafawa Balewa, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando, ga ABU a Zariya. Kowacce kuɗin Keke ne ko na mota ɗaya. Mai son zurfafawa a harkar bututu ya duba Cibiyar Horas da Ma'aikatan Mai da ke Effurun a jihar Delta, ya kuma riƙa leƙa shafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, don sanarwar tallafin karatu.

Idan lokacin IT ɗinka ko bautar ƙasa ya matso, kada ka karɓi wurin da za a ajiye ka kana gadin fayil. Kai takardarka hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko hukumomin muhalli na tarayya, NESREA da NOSDRA, ko wani ɗakin gwajin ruwa. Ka faɗa musu ƙarara cewa fita fili kake so.

3. Satifiket: bi su daki-daki

Fara da mai araha. Koyi agajin gaggawa a wajen Red Cross, ka nemi horon kashe gobara. Sannan ka yi kwasa-kwasan ISPON, cibiyar ƙwararrun kiyaye haɗurra da doka ta kafa a 2014. Bayan ka taɓa aiki sai ka tara kuɗin NEBOSH, takardar Ingila da manyan kamfanoni ke yawan tambaya. Tana da tsada, don haka kafin ka biya ko sisi ka duba sunan makarantar a shafin NEBOSH ɗin kansa. Injiniya kuma ya nufi rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya.

Abubuwa uku da ake rainawa: Excel, manhajar taswira ta QGIS wadda kyauta ake sauke ta, da lasisin tuƙi. Aikin bututu aikin tafiya ne, wanda bai iya mota ba a ofis ake barinsa.

4. Fara da ƙaramin wuri, ka riƙe littafi

Nan ne yawancin matasa ke makalewa. Kamfani na son gogewa, kai kuma ba a ɗauke ka ba balle ka goge. Mafita ita ce ka daina jiran babban kamfani. Garin nan cike yake da wuraren ɗura gas, gidajen mai, da ramukan 'yan kwangilar kwalbati da bututun ruwa. Haɗarin da ke cikinsu shi ne dai wanda za ka tarar a kan babban bututu.

Kada ka ɗauka wasa ne. A watan Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon ɗura silinda a Sabon Tasha, ya kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa.

Je ka gaishe da mai wuri, ka nemi izinin zama da su na 'yan makonni. Ka kwaɓa ruwan sabulu ka shafa a mahaɗar tiyo da silinda. In ka ga kumfa na tashi, gas na zurara. Duba allurar abin kashe gobara, tana kan kore? Duba inda janareta yake, da mai suyan awara da ta kafa kaskonta a jikin katanga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurara kwata yake bi ya kwanta, shi ya sa wutar da ke can nesa take iya kama shi. Gas ɗin da ake turawa ta babban bututu kuwa sama yake yi, kuma yana kamawa ne idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska.

In rami ne, ka auna. Ya kai mita ɗaya da rabi? To sai an tokare gefensa ko an kwantar da shi. Ƙasar da aka tono a ja da ita baya aƙalla santimita 60 daga baki, tsani kuma ya zama yana ciki. Ƙasa mai faɗi, tsawo da zurfin mita ɗaya ta haura tan guda, kuma bayan ruwan Agusta ba ta yin sallama kafin ta rufta.

Duk abin da ka gani ka rubuta: kwanan wata, wuri, matsala, shawarar da ka bayar, da abin da aka yi. Ɗauki hoto kafin gyara da bayansa, da izinin mai wuri. Ranar intabiyu, littafin nan zai fi tarin takardu yi maka magana.

5. San doka da masu ita

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ce ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka. NOSDRA, da aka kafa a 2006, ita ke bin malalar mai, kuma cikin awa 24 ake kai mata rahoto. NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo a 2007. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta kawo NMDPRA, mai kula da jigilar mai da gas, defo-defo da gidajen mai. Sauke dokokin a wayarka, ka riƙa karanta shafi biyar bayan Asuba. Karanta kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, ka ga yadda ake rubuta rahoton gurɓata.

6. Hausarka jari ce

Bututu ta cikin ƙauyuka yake bi. Injiniyan da ya zo daga Legas ko Sin ya san ƙarfe, amma bai san cewa kafin a taka gonar mutum sai an je gaban dagaci an gaisa ba. Bai san yadda ake zama da manomi a yi maganar diyya, ko da makiyayi a yi maganar burtali ba. Kai ka sani.

Kuma rai ake ceta da wannan. A Jesse ta jihar Delta, a Oktoban 1998, fiye da mutum 1,000 suka mutu suna kwasar fetur daga bututun da ya fashe. A Majiya ta Jigawa, a Oktoban 2024, tanka ce ta faɗi, jama'a suka fito da bokitai, sama da 150 suka rasu. Allon gargaɗi da Turanci ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne mutumin da ya riga ya zauna da mai unguwa da liman da shugabar mata, ya bayyana musu cewa tururin fetur ne ke kamawa tun kafin ruwansa, kuma tartsatsin salansar babur ya isa.

Shirya jawabin minti biyar da Hausa kan wannan. Gwada shi a majalisarku, sannan ka nemi izinin yin sa a Islamiyya ko tashar mota. Shi ma ya shiga littafi. In kana taɓa Faransanci, ka riƙe shi da kyau: Nijar na da matata a Damagaram da dogon bututu daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin.

7. Ke kuma ƙanwata

Aikin nan bai fi ƙarfinki ba. Ɗakin gwaji, taswira, rahoto, har da fili. Akwai zauren da namiji zai tsaya, ke ki wuce cikin gida ki tambayi mata ko ruwan rijiya ya sauya ɗanɗano. Ki nemi kayan aiki daidai jikinki, ɗankwali marar jela ƙarƙashin hular kwano, don mayafi mai yawo haɗari ne kusa da inji. Kafin ki sa hannu a takarda, ki tambayi masauki, banɗaki da tsarin tsaron hanya.

8. Nemi aiki ta ƙofa

Yi rajista a shafin hukumar NCDMB mai tattara sunayen 'yan ƙasa masu ƙwarewa a harkar mai. Kada ka kafa ido kan NNPC kaɗai. Ƙananan 'yan kwangila da kamfanonin da ke rubuta rahoton muhalli sun fi saurin ɗaukar sabon hannu, ko da na wata uku ne. Karɓa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da gurbi, ɗan damfara ne, toshe lambarsa.

9. Koyi tsayar da aiki

A nan ake gane wanda zai shugabanta. Wata rana oga zai ce a yi waldar haka nan, rana na faɗuwa, na'urar auna gas kuma batirinta ya mutu. Mai waldar ya haife ka, ya shekara ashirin yana yi. Kada ka ɗaga murya, kada ka kunyata shi gaban yaransa. Ja shi gefe ka ce, "Baba, a yi mini haƙuri, ba a auna ba, ba zan iya sa hannu ba. A ba ni rabin awa in nemo wata." Sannan ka je ka nemo ta da gaske. Mai sefti da ke hanawa kawai ba ya kawo mafita, ba a daɗewa ake fara ɓoye masa abubuwa.

Idan lebura ya zo ya faɗa maka abin da ya kusa faruwa, gode masa a gaban kowa, kada a hukunta shi. Ka sa hularka da takalminka kafin ka ce wani ya sa.

In kuma aka matsa sai an ci gaba ba tare da izini ba, kada ka tsaya cacar baki. Rubuta abin da ka gani, da lokaci da wuri, ka tura wa na sama da kai a saƙon waya nan take, ka ajiye kwafi.