Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwa Da Masu Saye

Ranar 2 ga Yuli, 2020, Gwamnan Kano na lokacin, Dr. Abdullahi Umar Ganduje, ya ɗage dokar kulle da ta tsare mutanen jihar a gida tun 16 ga Afrilu. Kwana ɗaya kafin nan Gwamnatin Tarayya ta janye hanin tafiye-tafiye tsakanin jihohi. Kantin Kwari ya cika ya batse, kasuwannin Singa da Dawanau sun koma hada-hadarsu, motocin Sakkwato da na Maiduguri sun dawo tasha suna lodi. Alhamdu lillahi. Wanda bai taɓa kwana da baki goma a gida, aljihu wayam, ba zai san daɗin wannan rana ba.

To, mai karatu, zauna mu yi wa juna tambaya guda. Don me aka buɗe? Cutar korona ce ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Yunwa ce ta buɗe kasuwa. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, da kansa ya nuna haka a jawabinsa na 27 ga Afrilu, inda ya ce babu ƙasar da za ta iya jure kulle na dindindin tana jiran a samo allurar rigakafi. Mai tura ruwa da ɗan dako da mai sayar da ƙosai, kowannensu sai ya fita yake ci. Gwamnati ta auna masifu biyu, ta ɗauki wadda take ganin za a iya zama da ita. A shekarar 2020 da aka rubuta wannan takarda babu allura, babu maganin da likitoci suka tabbatar yana kashe ƙwayar. Abin da ya canja guda ne: da can ɗan sanda ne ke tsare hanya ya ce ka koma, yanzu an janye shingen, tsaron ya dawo hannunka.

Ba yau annoba ta fara bin sawun fatauci ba. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke wata muguwar mura a Ikko, wato Legas, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Ta bi titin jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, ta bi kogi, ta bi hanyoyin fatake, cikin 'yan makonni ta game ƙasa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. Korona ma haka ta zo: wani Ba'italiye ya sauka a Legas, aka tabbatar yana ɗauke da ita ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ranar 11 ga Afrilu kuma aka samu na farko a Kano. Hanyar da ke kawo atamfa da shinkafa ita ce ke kawo ta. Garin da Allah ya yi wa albarkar kasuwa, dole ya fi kowa buɗe ido.

Na san akwai masu cewa, "Malam, ina koronar take? Mu dai ba mu ga gawa a titi ba. Cutar masu kuɗi ce, ta masu hawa jirgi." Gaskiya ne ta fara da manya, har ta ɗauke Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu. Amma a tambayi masu haƙa kabari a Kano yadda watan Afrilu ya kasance musu. Ministan Lafiya na lokacin, Dr. Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona. Akasarinsu dattawa ne masu fama da wata larura tun da farko. Malamai ne, 'yan kasuwa ne, iyayen wasu ne. Ba a titi suka faɗi ba, a ɗakunansu suka cika, shi ya sa mai musu bai gani ba.

Ga abin da ya sa wannan cuta ta fi sauran wayo. Ƙwayarta na fita ne cikin ɗigon yawu da majina da tururin baki, idan mai ita ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya. Wanda ta shiga jikinsa yakan yi kwana 5 ko 6 bai ji komai ba, wani har 14, kuma tun kafin zazzaɓi ya kwantar da shi yana iya rabawa. Wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Wajen mutum 8 cikin 10 sama-sama take taɓa su: ɗan zazzaɓi, busasshen tari, kasala, mutum ya daina jin ƙanshi ko ɗanɗano. Saboda haka saurayin nan da ya ɗauko maka dila a ka yana dariya, lafiya lau a ido, yana iya zama shi ne mai ita. Kai ma kana iya zama. Na'urar auna zafin jiki da aka riƙa saita wa mutane a goshi a ƙofar banki a 2020 tana da amfaninta, amma wanda zazzaɓi bai taso masa ba wucewa zai yi.

Yanzu mu shiga kasuwa tare, mu bi yini guda na lokacin annobar.

Ka fito da safe ka tari adaidaita sahu. Baya mutum uku, gefen direba an ƙara biyu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Nan ne wurin farko da takunkumi zai yi maka aiki, ka ɗaura shi tun daga ƙofar gida. In an sa labulen ruwa, a ɗage shi iska ta ratsa. In tafiyar ba nisa, ƙafa ta fi.

Ka iso shago. Duba shi da kyau: ɗaki ne ƙarami, kaya har rufi, ba taga, ƙofa ɗaya. Irin wannan wuri cutar ta fi so, domin numfashin mutum biyar yana nan yana zagaye bai da mafita. Mai rumfa a fili ya fi mai shagon bene samun sauƙi a wannan fanni. To, ka fito da benci waje, a yi ciniki a bakin ƙofa. Kada a wuce mutum biyu a ciki lokaci guda. 'Yan zaman hira, waɗanda ba saye suke ba, ba sayarwa ba, a ba su haƙuri har Allah ya yaye. A 2020 jami'an lafiya sun ce a bar tazarar mita 2 tsakanin mutum da mutum, wato kamar taku uku. Kowa ya san a layukan Kwari wannan ba kullum zai yiwu ba. Inda tazara ta gagara, sai a rage daɗewa: a gama ciniki a tashi.

Shi takunkumin, bari mu daɗe a kansa, don nan aka fi yin wasa. Mutum ya saye shi, ya rataye a haɓa kamar gemu, sai ya hango jami'i ya ja shi sama. Wani ya rufe baki ya bar hanci a waje, kamar wanda ya kulle ƙofar gida ya bar ta zaure a wangale. Mafi ban haushi shi ne mai janye shi duk lokacin da zai yi magana, alhali maganar ce dalilin sa shi. Akwai kuma masu talla da ke barin mai saye ya gwada wannan ya ajiye, ya gwada wancan. Kada ka sayi wanda wani ya kai bakinsa. Na yadi da telolinmu ke ɗinkawa ya wadatar, in an ninka shi biyu ko uku. Ka mallaki guda biyu, kana sanye da ɗaya ɗayan na kan igiya, a wanke da sabulu kullum. Ka kama shi ta igiyar kunne, kada ka riƙa shafa gabansa. Ka sani kuma, amfaninsa ga na kusa da kai ya fi amfaninsa gare ka. Naka na kare shi, nasa na kare ka, shi ya sa ba rashin kunya ba ne ka ce wa mai saye, "Alhaji, a taimaka a gyara takunkumi."

Sai hannu. Bahaushe ba ya jin ciniki ya faɗa sai an tafa, ba ya jin an gaisa sai an yi musabaha. Al'ada ce mai kyau, za mu koma mata. A lokacin annoba sallama da baki da dafa ƙirji sun isa. Masu lasar yatsa in za su ƙirga kuɗi, su tuna hannu nawa takardar nan ta ratsa kafin ta iso su. A ajiye ɗan soso mai ruwa a kan tebur. Bokitin famfo da aka girke a ƙofar kasuwa ba ado ba ne, kuma in babu ruwa da sabulu a cikinsa, shugabannin layi su ne abin tambaya. Wanki na gaske daƙiƙa 20 ne, a cuɗa bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Inda ba ruwa, man tsabtace hannu ya isa, muddin sinadarin alkohol da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari. Moɗa ɗaya da ke kan randa kowa na sha, a ɗauke ta. In lokacin salla ya yi, ka zo da dardumarka.

Mun riga mun ga abin da gaggawa ke haifarwa. Ranar 4 ga Mayu, 2020, da aka sassauta kulle a Legas da Abuja, mutane sun yi dafifi a ƙofar bankuna har ana ture juna. A Kano ma, ranakun Litinin da Alhamis da aka riƙa ba da 'yan sa'o'i a fita cefane, cunkoson ya fi na jajibirin salla. Yanzu kasuwa kullum tana ci, ba mai korar ka. Wanda zai iya zuwa da sassafe kafin a cika, ya zo. Wanda zai iya yin oda ta waya a aiko masa, ko ya tura kuɗi ta waya, ya hutar da kansa.

Akwai magana da ta shafi iyayen gida musamman. Yaron shagonka kuɗin yini yake karɓa. In ya tashi da zazzaɓi ya san in bai fito ba babu na abinci, to zai sha farasitamol ya fito, ya yini yana miƙa wa mutane kaya, kai ma kana zaune kusa da shi. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ka tara yaranka ka gaya musu a fili: duk wanda ya ji zazzaɓi da tari, ko ya daina jin ƙanshi, ya zauna a gida, kuɗinsa na nan za a aika masa. Lissafa da kanka, kuɗin yinin yaro na mako biyu da rufe shago gaba ɗaya saboda maigida ya kwanta, wanne ya fi tsada? In numfashi ya fara sarƙewa kuwa, ba batun jiƙo ko kemis ba ne, a nemi jami'an lafiya a yi gwaji. Cibiyar killacewa irin wadda aka buɗe a Kwanar Dawaki a 2020 ba kurkuku ba ce, mutane da yawa sun shiga sun fito da ƙafafunsu. Wanda ya warke ya dawo kasuwa, kada a guje shi, kada a laƙaba masa suna. Gorin da ake yi wa wanda ya faɗi gaskiya shi ke sa na bayansa ɓoyewa.

Mai cewa, "Ai in kwana ya ƙare ko da takunkumi sai an tafi," ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu tambaya cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annobar nan ta Amwas ta ci manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, kuma da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. A 2020 ma hukumomin Saudiyya sun taƙaita aikin Hajji ga 'yan kaɗan mazauna ƙasar, maniyyatanmu ba su tafi ba. Ba mu fi waɗannan tawakkali ba.

La'asar ta yi sanyi, ka ja ƙofar shago ka nufi gida. A nan ne duk abin da ka kwaso yini guda zai sauka, kuma a gidan akwai Baba mai hawan jini, akwai Inna mai ciwon suga, akwai mai asma. Su ne cutar ta fi kayarwa, su da ko ƙofar gida ba su leƙa ba. A ajiye buta da sabulu a zaure. In yara sun rugo da "Baba oyoyo", ka dakatar da su har ka wanke hannu ka sauya riga. In za ka gaida Inna, ka durƙusa daga bakin ƙofa, a ɗage labule, ka ajiye mata goronta a faranti.