Fatsa a Tafkin Madarunfa: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

Wasiƙar farko da mai gabatar da shirin ya buɗe daga Safo ta fito. Wani matashi ne ke kuka: yana wuni a bakin ruwa, kifi na cinye masa tana, ƙugiya na fitowa fayau. Ko sammu aka yi masa?

Mai shirin ya yi dariya. "Ƙanena, ba wanda ya taɓa ka. Zurfin ruwan ne ba ka auna ba."

Sai ya shiga bayani dalla-dalla. Kafin a sa tana, a ɗaura ƴar dalma kusa da ƙugiya a jefa. In totuwar karan da ke yawo a saman ruwa ta kwanta, dalma ta taɓa ƙasa ke nan, zaren ya yi yawa. In ta nutse ɗungum, ko dalma ta fi ƙarfinta, ko zaren ya gaza. Abin da ake so ta tsaya cak, kanta kaɗai a waje, yadda ko kifi ya ɗan lasa za a gani. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya a tsakiyar ruwa. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, ta fi fita da dare, da gashin baki take laluben abinci. Ita sai babbar ƙugiya kusa da laka.

Wani dattijo ya aiko da tambaya: me ya sa wurin da ya ba shi kifi da kaka ya hana shi da bazara? "Baba, Allah ya ƙara girma, ruwan ne ya ja baya," in ji mai shirin. Ya tuna masa cewa tafkin Madarunfa da ruwan damina yake cika, daga Gulbin Gabi da Gulbin Maradi, wanda ke gangarowa daga ƙasar Katsina. Da rani ya yi nisa sai zurfi ya ragu, awon watan Oktoba ba zai yi aiki a Afrilu ba. Kowace fita da nata awon.

Tambaya ta uku kan mamari ce, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi. Amsar a taƙaice: gora a kowane ƙarshe don masu jirgi su gani, dutse a ƙasa kada iska ta ja ta, a kuma duba da asuba kafin kifin ya lalace.

Kafin sallama ya faɗa wa masu sauraro cewa tun 2019 tafkin ya shiga jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar. Ya roƙi masunta su riƙa mayar da ƙananan kifi cikin ruwa, duk wanda kuma rikicin wurin kafa mamari ya haɗa da wani, ya kai maganar gaban sarkin ruwa.