Kurtun Ɗan Sanda a Ƙasar Mai'adua: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Sa'ad da kurtu ya gama horo a makarantar 'yan sanda, ko ta Kaduna ko wata, yakan fito da sanin fareti da riƙon bindiga da sassan doka. Amma akwai ilmin da ba a koyar da shi a aji, watau sanin ƙasa da mutanenta. Wannan ilmi yana hannun Hakimai da Dagatai da Masu Unguwa. Watannin farko su ne ke gyara sabon ma'aikaci ko su lalata shi, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Da da Yanzu

A zamanin En'e, 'yan doka ma'aikatan Sarki ne, En'e ke ɗaukarsu, ita ke biyansu, galibinsu kuwa 'yan ƙasa ne da suka san ko wane lungu. Bayan juyin mulki na 1966 Gwamnatin Soja ta karɓe su daga hannun En'e, daga baya aka haɗe su da 'yan sandan Tarayya. Sabo da haka kurtun da aka turo Mai'adua ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne, umurni daga shugabansa na caji ofis ya ke karɓa. Mai yiwuwa ma daga wata jiha mai nisa ya fito, bai taɓa taka ƙasar Daura ba. Hakimi ba shi da ikon aikensa kamar dogari, amma yana da ikon yi masa jagora.

Abin da Kurtu Kan Tarar

Mai'adua tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Hanyar Daura ta bi ta Kongolam ta shiga Ɗan Barto, ta wuce Matamai har Damagaram. Mutanen tsallake da na nan harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya, gonar wani ma tana kan iyaka. Kurtun da bai san haka ba sai ya ɗauki mai zuwa biki ko ta'aziyya tamkar mai laifi.

Ran Lahadi kasuwa ke ci. Shanu da raƙuma da tumaki kan cika kara, a yi ciniki da naira da sefa. A makaranta an koya wa kurtu laifi ɗaya ɗaya a kan takarda. A kara kuwa sai mutum goma su kewaye shi lokaci guda, kowa na rantsuwa sa nasa ne. Dillali da fatoma da Sarkin Fawa da Arɗo su ne suka san shaidar ko wace dabba da inda ta fito. Da ɗan gari a kan ci gari.

Akwai kuma jarraba. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024. A irin waɗannan lokuta 'yan fasa-ƙwauri kan bi ɓarauniyar hanya da shinkafa da man fetur, su miƙa wa sabon ma'aikaci na goro. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya shiga hannunsu ke nan.

Dokoki Uku da Malami Zai Riƙe

Na ɗaya, sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu cikin kilomita 40. In babu, cikin kwana biyu.

Na biyu, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko mata don mijinta.

Na uku, dokar nan ta hana kama mutum a kan rigimar da ba laifi ba ce, kamar bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wannan aikin sulhu ne ko na alƙali.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Ya kamata in an kawo sababbin 'yan sanda, Hakimi ya nemi shugabansu ya zo da su gaisuwa, a gabatar da su ga Dagatai da sarakunan sana'a. Malami ya rubuta musu sunayen ƙauyuka da ranakun kasuwanni da burtalai da mashaya, musamman inda manoma da makiyaya kan yi rikici da kaka. In an aika da ƙara caji ofis, a rubuta rana da sa'a da sunayen shaidu, a ajiye kofe.

Kada Hakimi ya sa kurtu ya kamo masa wanda ya ke jin haushi, gama kurtun ne zai amsa tambaya, ya rasa aikinsa. In kuwa kurtu ya yi kuskure, kada a tozarta shi gaban jama'a. A sanar da shugabansa a asirce. In ya zalunci talaka, lalle a kai rahoto a rubuce, ba sani ba sabo.

Ƙasar da Hakiminta ya riƙe sabon ɗan sanda ta haka, talakawanta za su kai ƙara ba da tsoro ba, ɓarawon shanu kuwa ya rasa mafaka. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.