Ma'aunan Nazarin Wa'azin Kirista na Hausa: Nassi, Fassara da Mai Sauraro a Ƙasar Gobir

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda manazarci zai auna wa'azin Kirista da ake gabatarwa cikin harshen Hausa, musamman ta fuskar yadda mai wa'azi ke fito da ma'anar nassi. An ɗauki ƙasar Gobir a matsayin farfajiyar nazari, tun daga Isa da Sabon Birni da Burkusuma a Nijeriya har zuwa Tsibiri da Maraɗi a Nijar. Maƙalar ta nuna cewa mai wa'azin Hausa kan tsaya ne a kan nassin da aka riga aka fassara, da kalmomin da suka daɗe da yin sansani a addinin Musulunci. Saboda haka aka gabatar da ma'aunai uku na tantance wa'azi: ma'aunin kalma da ma'aunin muhallin aya da ma'aunin misali.

1.0 Gabatarwa

Wa'azi daɗaɗɗen fage ne a nazarin Hausa. Mervyn Hiskett ya ba waƙoƙin wa'azi muhimmin gurbi a tarihin rubutacciyar waƙar Hausa da ya wallafa a 1975. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun shimfiɗa hanyoyin feɗe waƙa ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi karkata ga adabin da ya tsiro a cikin al'ummar Musulmi. Wa'azin majami'a, wanda ake yi da Hausa kowace Lahadi daga Jos zuwa Maraɗi, shi ma zance ne mai jigo da salo da masu sauraro, kuma ya cancanci a ɗora shi a kan sikeli.

Manufar wannan maƙala ba ta shafi hukunta gaskiyar aƙida ko rashinta ba. Tambayar da ta sa a gaba ta harshe ce da ma'ana: shin abin da mai wa'azi ya faɗa daga nassin ya fito, ko kuwa shi ya shigar da shi? A nan za a kira na farko "tatsar ma'ana", na biyu kuma "ɗura ma'ana".

2.0 Farfajiyar Nazari

Gobir ƙasa ce da ta san wa'azi tun kafin zuwan Turawa. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, kuma da wa'azi ya fara kiransa a Degel kafin hijirar Gudu ta 1804. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri a shekarun 1830, daga baya kuma wani reshe ya kafa Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba waɗannan 'yan'uwa gida biyu, amma kasuwa da auratayya da karin harshe ba su rabu ba. Mutumin Burkusuma da na Gidan Runji Hausa ɗaya suke yi.

Ta ɓangaren arewa ne Kiristanci ya fi samun wurin zama a wannan ƙasa. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, sai Maraɗi a 1940 da asibitin Galmi a 1950. A ɓangaren Nijeriya gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautu, har zuwa shekarun 1930 da aka miƙa wa SIM kula da sansanonin masu ciwon kuturta, ciki har da na Amanawa a lardin Sakkwato. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a Nijeriya a 1954, takwararta EERN kuma a Nijar a farkon shekarun 1960.

Kiristoci 'yan tsiraru ne a wannan yanki, kuma maƙwabtansu sun saba da majalisin tafsiri, inda mai jan baƙi ke karanto aya kafin malam ya fassara. Kunnen da ya tashi a irin wannan wuri yana tsammanin a ɗaure kowace magana da nassi. Haka kuma wa'azi ba ya tsayawa a bangon majami'a, domin rediyo da wayar hannu suna kai shi ko'ina. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta tattauna tarzomar watan Nuwamba na 2000 da aka far wa wata majami'a a birnin, ta kuma duba matsayin wa'azin rediyo a zaman ɗar-ɗar na wancan lokaci. Ke nan abin da mai wa'azi ya yi da kalma yana iya taɓa zaman lafiyar unguwa.

3.0 Nassin da ke Hannun Mai Wa'azi

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta akasarinsa, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Mai wa'azin Hausa yana isa gare su ne ta hanyar fassara. J. F. Schön ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, ya kuma kammala Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, a aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagoranci, sannan aka sake sabuwar fassara a 1979.

Masu waɗannan fassarori sun tarar da Hausa cike da kalmomin addini da ta aro daga Larabci, kuma dole suka yi zaɓi. Sun riƙe Allah da annabi da mala'ika da zunubi da tuba. Sun ɗauki sunan Yesu suka bar Isa. Fassarar 1979 ta haɗa wannan suna da laƙabin Almasihu, wanda kowane Musulmi ya sani daga Alƙur'ani. Sakamakon haka shi ne kalma guda takan ɗauki kaya biyu: ma'anar da marubucin asali ya nufa, da ma'anar da Bahaushe ya gada. A tsakanin waɗannan biyu ne gwanintar mai wa'azi ko rauninsa ke bayyana.

4.0 Ma'aunan Tantance Wa'azi

4.1 Ma'aunin Kalma

Tambayar farko ita ce: shin mai wa'azi ya lura da kayan da kalma ta ɗauko? A ɗauki kalmar "ceto". A bakin Bahaushe Musulmi, ceto a fagen addini shi ne roƙon da Annabi zai yi wa al'umma ranar ƙiyama. A Sabon Alkawari kuwa kalmar Girkancin da ake fassarawa da ceto ta ƙunshi kuɓutarwa daga zunubi da hatsari, har ma da warkar da ciwo, kamar a labarin mace mai zubar jini a Markus 5. Mai wa'azin da ya yi ta maimaita "Mai Ceto" ba tare da ya buɗe kalmar ba, zai tashi yana zaton ya isar da saƙo, alhali mai sauraro wani abu daban ya ji.

Haka ma "alheri". A Afisawa 2 kalmar tana tsaye ne a madadin baiwar da mutum bai yi aikin da ya cancance ta ba. A Hausar yau da kullum kuwa, in an ce wane ya yi mini alheri, sau da yawa kuɗi ko hatsi ko tufafi ake nufi. Daga nan zuwa wa'azin samun dukiya taki ɗaya ne, kuma mai wa'azi yana iya yin takin bai sani ba.

Misali na uku shi ne "zakka", wadda Kiristocin Hausa ke kiran kashi ɗaya cikin goma da ake bayarwa a majami'a. Zakka a Musulunci tana da nisabi, tana da ƙayyadadden kaso, wato ɗaya cikin arba'in a kuɗi da ɗaya cikin goma a amfanin gonar damina, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu karɓarta. Abin da Malakai 3 ke magana a kai kuwa amfanin gona ne da ake kaiwa rumbun Haikali, wanda Littafin Ƙidaya 18 ya keɓe wa Lawiyawa. Maimaitawar Shari'a 14 ta ƙara da rabon baƙo da maraya da gwauruwa a kowace shekara ta uku. Wa'azin da ya aro nauyin farilla daga zakkar Musulunci, ya kuma manta da rabon maraya da ke cikin nasa nassin, ya faɗi a wannan ma'auni.

4.2 Ma'aunin Muhallin Aya

Tambaya ta biyu: wa ya yi magana, da wa, kuma a wane hali? Irmiya 29:11 aya ce da masu wa'azi ke yawan jawowa don ƙarfafa zuciya, domin tana maganar kyakkyawan nufin Allah ga mutanensa. Amma ayar ɓangare ce na wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda aka kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin Miladiyya. Ayar da ke gabanta ta ambaci zaman shekara saba'in. Farkon wasiƙar ya umarce su da su gina gidaje, su yi noma, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Sura ta 28 kuma ta kawo labarin Hananiya, wanda ya yi wa jama'a alkawarin komawa gida cikin shekara biyu, Irmiya ya ƙaryata shi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da 'yan bindiga suka tashi garuruwa, har dubban mutanen Isa da Sabon Birni suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Mai wa'azin da ya tsinko aya ta 11 ita kaɗai, ya ce wa wanda ya rasa gona da dabbobi gobe-goben nan komai zai dawo, ya hau kujerar Hananiya da sunan Irmiya. Wanda ya karanta wasiƙar dukanta zai sami abin faɗa mai nauyi kan haƙuri da doguwar jira, da kuma haƙƙin baƙo da na mai masauki.

A nan Hausa tana da wata fa'ida da Ingilishin zamani ba shi da ita. Ingilishi wakilin suna ɗaya yake da shi ga mutum na biyu, tilo ko jam'i, Hausa kuwa tana bambanta "kai" da "ke" da "ku", kamar yadda Ibrananci ke bambanta tilo da jam'i. Alkawarin Irmiya ga jama'a aka yi shi. Idan mai wa'azi ya karanta "ku" a littafi, ya juya ya ce "kai" a bayani, manazarci ya sami shaida a fili, kuma yana da dalilin bincikar ko daga wa'azin Ingilishi aka kwaso fassarar.

4.3 Ma'aunin Misali

Tambaya ta uku: shin misalin da aka kawo ya haskaka nassin ko ya rufe shi? Misalin mai shuka a Markus 4 ya ginu ne a kan noman da ake watsa iri da hannu, shi ya sa wani ya faɗa a hanya, wani a kan dutse, wani a cikin ƙaya. Manomin gero a Gobir ba haka yake shuka ba. Sara yake yi da sungumi, a jefa iri a rami, a rufe da ƙafa. A idonsa, wanda ya zuba iri a kan hanya ɓarna ya yi. Gwanin mai wa'azi zai gane wannan giɓi, ya cike shi da abin da jama'a suka sani, kamar yafa irin shinkafa a fadama, sannan ya koma ga fassarar da nassin da kansa ya bayar a ayoyi na 14 zuwa 20, inda aka ce irin shi ne maganar Allah. Wanda ya mayar da irin ya zama kuɗin da ake sakawa a baiko domin a girbi ninki, ya ɗura wa misalin abin da ba nasa ba.

Karin harshe ma yana cikin wannan ma'auni. Littafin da ke hannun mai wa'azi da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, mai sauraro kuwa yana cewa "tahi" da "hwaɗi" da "gidanai". Idan mai wa'azin ya fito daga yankin da Hausa take harshe na biyu, inda ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace ba, an sami Hausa iri uku a zama ɗaya. Ya kamata manazarci ya lura da wadda ake karanta nassi da ita, da wadda ake jan hankali da ita, da kuma inda ma'ana ke zubewa a tsakani.

5.0 Hanyar Aiwatarwa

Domin a yi amfani da waɗannan ma'aunai, ana bukatar a naɗi wa'azin da izinin mai shi, a rubuta shi yadda aka furta ba tare da gyara karin harshe ba. Sai a tantance fassarar da aka karanta, domin ta 1932 da ta 1979 ba koyaushe suke zaɓar kalma ɗaya ba. Bayan haka a fitar da kowace da'awa da mai wa'azi ya jingina wa nassi, a gwada ta da ayoyin da ke gaba da baya. Mataki na ƙarshe shi ne tattaunawa da masu sauraro, maza da mata, a ji abin da suka ɗauka daga manyan kalmomin. Wajibi ne kuma a raba daɗin baki da ingancin fassara. Karin magana da habaici da amshi da waƙa ana nazarinsu a ƙarƙashin salo, kuma wa'azi yana iya cin maki a salo ya faɗi a ma'ana.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin shigar Kiristanci ƙasar Gobir da na fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ta nuna cewa mai wa'azi yana aiki ne da kalmomi masu kaya biyu a gaban jama'ar da ta saba da tafsiri. Ma'aunan kalma da muhallin aya da misali suna ba manazarci damar yin hukunci bisa shaidar da ke cikin zancen, ko da shi ba mabiyin addinin ba ne. Fagen da ya fi dacewa a fara gwada su shi ne majami'un Tsibiri da Maraɗi, inda Gobirawa suka kusa cika ƙarni guda suna sauraron wannan wa'azi, sannan a kwatanta sakamakon da na Hausar majami'un Zariya da Jos.