Yadda Ake Ɗaure Notocin Top Silinda

Sau da yawa mota kan fito daga gareji da sabon gasket, amma kafin wata ya zagayo ta koma yin zafi, ruwan lagireto ya gauraye da baƙin mai. Sai a ce gasket ɗin jabu ne, alhali ɗaurin ne bai yi ba: an zura bututu a sifana an ja da ƙarfin tuwo. Wannan aiki na awo ne da bin tsari.

1. Goge fuskar bulok da ta top silinda tas, kada ka bar ɓurɓushin tsohon gasket. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan top ɗin ka duba. Idan top ɗin ya lanƙwashe, kai shi a fere shi tukuna.

2. Tsane ramukan notoci da iska ko tsumma. Ruwa ko man da ya kwanta a ciki ba ya matsuwa, don haka noti zai yi kamar ya ɗauru alhali bai kai ba, wani lokaci ma bulok ya tsage.

3. Duba notocin. Na yawancin injinan zamani suna ɗan miƙewa idan an ɗaure su. Wanda ya sirance ko zarensa ya cinye, canza shi. Idan littafin motar ya ce a sa sababbi, kada ka yi ƙwauro.

4. Shimfiɗa gasket ta fuskar da ta dace, ka tabbatar ramukan ruwa da na mai sun hau daidai, sai ka ɗora top ɗin. Shafa ɗan baƙin mai a zaren noti da ƙarƙashin kansa idan littafi ya ce a yi, sannan ka murza kowanne da hannu har ya zauna.

5. Fara daga notocin tsakiya, kana tsallakawa gefe da gefe har ka kai ƙarshen biyu. Haka ne gasket zai baje daidai. Wajen kwancewa kuwa daga waje ake farawa, bayan inji ya huce.

6. Ɗaure da sifanar awo, hawa-hawa, zagaye biyu ko uku. Ja a hankali, da ka ji ƙas, tsaya. A injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla, notoci 10 ne: akan kai su Nm 49, sannan a ƙara wa kowanne juyin digiri 90. Kafin juyin, ɗiga fenti a gaban kan kowane noti. Idan ɗigon ya koma gefe, ka san ya samu rubu'in zagayensa, kuma ba za ka maimaita wa wani ba.

7. Bayan haɗawa, zuba ruwa da mai, ta da inji ya ɗauki zafi, ka duba ko akwai yoyo ko kumfa a lagireto.

Kowane inji da nasa awon, kada ka ɗauki na Corolla ka kai wa Golf. Kai kuma mai mota, kafin a buɗe maka inji, tambayi makanike ko yana da sifanar awo. Idan babu, nemi wani garejin.